Jan Dutsen da Baba Magini Ya Nema

Surukina magini ne, amma ba irin na bulo da siminti ba. Dutse yake ɗorawa a kan dutse, ba laka ba komai, ginin kuma ya tsaya har jikoki su gaji da ganinsa. Gari duka Baba Magini ake ce masa, ni kuwa Baba kawai. Na zauna da shi tun ranar da aka kawo ni gidan har ranar da aka fita da shi a makara, saboda haka in ana zancen katangar da ta kewaye tafkin kan tsauni, kada wani ya zo ya ce zai karanta mini. Ni na ɗinke rigunan da ta yayyaga.

Kafin tafki, ƙauyensu ne a kwarin. Hukuma ta zo ta ce birnin da ke ƙasa yana fama da ƙishirwa, za a datse rafin. Aka tashe su, aka yanka musu fili a gangare, inda muke har yau. Ruwa ya hau sannu a hankali, ya ci gonaki, ya ci rijiya, ya ci maƙabarta. A maƙabartar nan akwai 'yar Baba ta fari, yayar maigidana, wadda kyanda ta ɗauke tana fara tatata. Shi ya tsinto wani jan dutse mai faɗi a bakin rafi ya kafa mata a kai. Bai cika zancenta ba. In ya yi, "yarinyar nan" kawai yake cewa, sai ya nemi a ba shi ruwa.

Tun ana ginin madatsar aka ce sai an kewaye wurin da katanga, don ruwan sha ne, ba a son shanu da masu wanki. Baba na cikin maginan da aka ɗauka. Ka ga abin duniya, mutum ya gina abin da zai hana shi shiga garin ubansa, kuma ya gina shi da kyau! Don Baba bai iya aikin banza ba. Yana da ƙa'ida guda: idonsa a kan gurbi, hannunsa a miƙe ta baya. Lebura ya sa masa dutse, hannun ya juya shi ya ji gefensa, ya zaunar. Ba ya kallon dutsen, ba ya kuma ajiye wanda ya riga ya karɓa. Haka yake har a gida. In na kawo abinci sai ya miƙo hannu ta baya yana kallon wani wuri, in ce, "Baba, wata rana garwashi zan sa maka." Ya ce, "Zan samo masa gurbi."

Bayan an gama, shi aka bar wa gyara. Duk inda damina ta ture, ya je ya ɗora. Akuya ta hau katangar nan, sai ka rantse a kansa ta hau.

Ya tsufa, gwiwa ta ƙi, aka karɓe aikin. Sai ga shekarar fari. Damina ta yi gardama, rani ya yi tsawo, tafki ya yi ta ja da baya har masu kiwo suka zo da labarin ana hango kufan ƙauyen daga kan tudu. Da safe na tarar da Baba ya sa babbar rigarsa yana zaune a bakin ƙofa, sandarsa a kan cinya.

Ya ce, "'Yar nan, ku kai ni in gaida yarinyar nan kafin ruwa ya dawo."

Muka tafi, ni da shi da maigidana da tsohon abokinsa Mai Jakai, wanda da jakunansa aka yi jigilar duwatsun katangar. Ƙofa ɗaya ce tak, ta ƙarfe. Maigadi ya ce shi ba a ba shi izini ba. Nan fa na tashi. Na ce, "Kai malam, dubi tsohon nan da kyau. Inuwar da kake fakewa a ciki kana gyangyaɗi, hannunsa ne ya yi ta. Ruwan ma ina yake da za mu ɓata?" Ya dubi Baba, ya dubi ƙasa, ya zare sarƙar.

Laka ta bushe ta tsattsage kamar diddigen manomi. Baba yana gaba, ya manta da gwiwa. Ya nuna mana bakin rijiya, ya nuna kututturen bishiyar da ake zama a gindinta, ya nuna inda ɗakin uwarsa yake. Daga nan ya karkata gabas ya tsaya. Ya ce nan ce maƙabarta.

Fili ne kawai, sumul. Ko tsakuwa babu.

Ya yi gaba, ya dawo, ya caka sanda nan, ya caka can. Maigidana ya ce wataƙila laka ce ta binne. Muka tona da hannu har farcena ya karye, ba komai. Ina ɗagowa na ga Mai Jakai ya tsuguna ya rufe fuska da hularsa.

Baba ya ce, "Kai kuma lafiya?"

Ya ce, "Magini, ka yafe mini. An ce mana duk dutsen da ke kwarin a hau da shi wurin ginin katanga, tunda ruwa zai ci. Ciyawa ta rufe nan. Leburorin baƙi ne, ba su san kaburbura ne ba. Ni sai da aka gama lodi na gane, na kasa faɗa maka."

"Wa kuka kai wa?"

"Ɓangarenka ne ya fi kusa."

Wallahi da Baba ya yi kuka da ya fi mini sauƙi. Hannunsa na dama kawai ya ɗaga yana kallo, kamar na wani ne aka ara masa. Ni ce na yi kukan, na kuma zazzage wa Mai Jakai abin da ke bakina, har maigidana ya ce in ji tsoron Allah.

Tun daga ranar Baba ya koma katanga. Kullum da hantsi maigidana ya kai shi, ni in bi da abinci. Da farko dubawa yake, yana bin ginin yana shafawa. Jajayen duwatsu kuwa ga su nan birjik, kowanne gefensa kawai ake gani. Rannan ya ce mini, "Dutsen yarinyar nan ba zai fito a fuskar gini ba. Mai faɗi ne. Irinsa a ciki nake kwantarwa, shi ke ɗaure gini." Sai ya sa hannu ya sauke dutsen sama. Ya sauke na biye. Baba fa, da bai taɓa rushe ko murhu ba. Maigadi ya zo ya gani, ya juya ya koma rumfarsa, Allah ya saka masa da alheri.

Kowane dutse sai ya juya shi ya kalle shi sosai kafin ya ajiye. Yatsunsa suka farfashe. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ɓoye sandar, ya tafi ba sanda. Katangar kuwa ta zagaye tsauni guda, abin da ya sauke bai kai tsawon zaurenmu ba.

Ranar da hadari ya haɗu ina tare da shi. Gari na murna, mata na fito da bokitai, ni kuwa idona na kan kwarin. Aka tsuge da ruwa, rafuka suka ɓalle daga kan duwatsu suna gangarawa kwarin. Na lulluɓa masa mayafina, muna tsaye ta giɓin da ya buɗe muna kallon jan ruwa yana malala a kan filin.

Na ce, "Baba, mu tafi gida. In an ɗauke sai mu dawo, in sha Allah za mu same shi."

Akwai dutse a hannunsa, ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa a hankali.

Ya ce, "To in na same shi, 'yar nan, a ina zan kafa?"

Na kama hannunsa muka gangara. Bai sake hawa tsaunin ba, kafin kaka kuma muka rufe shi.