Albarushin Da Na Zuba A Rumbun Malam Isufu

Har yau ina jin warin albarushin ranar da na ci jarrabawar lakwal, wato makarantar boko. Babana mafarauci ne a Matameye, kuma mafarauta da bindiga suke murna. Ni na roƙe shi. Na ce, "Baba, sau ɗaya tak, gari ya ji." Ya yi dariya, ya harba sama.

A lokacin kwamanda, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya hana riƙe bindiga sai da takarda. Mafarauta na cewa, wa zai kori kura daga garke? Maƙwabcinmu Malam Isufu kuwa kullum yana ce wa Baba, "Sarkin baka, ka kai musu ita tun kana da girmanka."

Kwana biyu da harbin, jandarma suka zo. Aka kai Baba gidan kaso a Damagaram, can ya rasu kafin damina.

Ni da ba na iya yanka kaza, sai na rantse Malam Isufu zai ɗanɗana abin da muka ɗanɗana. Na tabbata shi ya kai tsegumi. Ran kasuwa na samo albarushi wurin masu tsallakowa da shi daga Daura, na rufe da gero a ƙwarya. Da hantsi, Malam Isufu da iyalinsa suna gona, na zuba a rumbunsa. Na rubuta wa kwamanda wasiƙa da Faransanci cewa Malam Isufu yana ɓoye albarushi a rumbunsa, ban sa suna ba.

Da jandarma suka fito da Malam Isufu a ɗaure, na tsaya bakin zaure. Ya ce, "Ƴata, shiga gida, wannan ba abin kallo ba ne." Ban shiga ba. Wallahi daɗi na ji.

Na manta cewa mu kaɗan ne a garin muka iya rubutun Nasara. Da aka nuna wa malamin lakwal wasiƙar, ya dube ta sau ɗaya ya gane hannuna. Na yi shekara biyu a kaso. Malam Isufu ya fito daga kaso da tarin da bai rabu da shi ba.

Na tuba, na nemi gafararsa, ya yafe. Ku yara, in zuciya ta nuna muku mai laifi, ku tambaye ta wa ya shaida mata.

Sai bayan shekaru wani tsohon jandarma ya gaya mini ba wanda ya kai tsegumi. Ranar da Baba ya harba bindigar nan, kwamanda yana kan hanyar Kance bisa doki. Da kunnensa ya ji harbin.