Kunyar Ɗan Fari

Ɗana na fari bai taɓa kallon ƙwayar idona ba, kuma sai da ya kusa shekara goma kafin abin ya dame ni. Dalili kuwa, ni ma ban cika kallon nasa ba. A ƙauyen mijina, can bayan Ɗambatta, uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba. Nawa kuma sai aka sa masa sunan surukina, kunya ta zama biyu. In ina son ya matso, sai in ce "kai", ko in ce da wani, "Ce wa yaron nan ya zo." A garinmu ma haka ake yi, saboda haka ban ɗauki abin a matsayin nauyi ba. Har yabona ake yi, ana cewa amaryar nan ta san ya kamata.

Da lokacin yaye ya yi, Inna, mahaifiyar mijina, ta goya shi ta kai ɗakinta, daga nan bai dawo ba. Ba da jimawa ba maigidana ya sami aiki a Kano muka koma can, ƙannen yaron suka biyo baya, su na goya, su na yi wa tawai. Shi kuwa ya zama ɗan Inna. Tana kiransa Maigida, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, tana cewa ta auri miji marar cefane. Ni kuma Anti yake ce mini, don kuwa haka ya ji ƙannen babansa suna ce mini.

Rubutu ne sana'ata. Littattafan soyayya nake yi, irin waɗanda ake karantawa a rediyo da hantsi mata na wanke-wanke. In da za a tara shafukan da na ɓata wajen siffanta idanu, dara-dara da masu lumshewa da masu tsinka zuciya, da an yi littafi guda mai kauri. Masu karatu suna cewa na san halin ɗan Adam. Ban taɓa musa musu ba.

Muna zuwa ƙauye da Sallah, da kaka in an yi girbi, da kuma in an yi haihuwa ko rasuwa. Duk zuwan da zan yi, yabon yaron ne ke tarbata tun daga zaure. Ba ya ɗaga ido ya kalli babba, sai a ce kunya. Ba ya bin yara zuwa kududdufi ko harbin tsuntsu, sai a ce ba ya yawon banza. Ba ya cin komai sai tuwon dawa da miyar kuka, a wani tsohon kwanon sha da aka mayar na tuwo, ko naman Sallah aka miƙa masa sai ya kau da kai, sai a ce yaron nan ba shi da kwaɗayi. Gaisuwa kuwa babu na biyunsa. Zai durƙusa ya jero ta daga ina kwana har ina gajiya har yaya mutanen gida, ba ya tsallake ko ɗaya. In tsoho ya katse shi da wata tambaya, sai ya koma farko ya sake ɗaukowa. Tsofaffi su yi ta dariya suna sa masa albarka.

Aikinsa tsintar wake. Inna za ta zube masa kwarya guda a kan tabarma, ya zauna tun hantsi yana ware mai huji gefe, fari gefe, ja gefe, ba ya ɗagowa sai ya gama. Abu ɗaya ne aka san ba ya so, injin niƙan da ke bayan gida. Da an tayar da shi zai toshe kunnuwa ya shige ɗakin Inna. Wannan ma an samo masa suna, an ce gadon kakansa ne, shi ma ba ya son hayaniya. A makarantar firamaren garin malamai sun ce yana haddace duk abin da aka rubuta a allo, amma in aka tambaye shi ba ya amsawa. Ni dai ina jin duk wannan daga inda nake zaune, kaina a sunkuye, don bai dace a ga ina sauraron zancensa ba.

Tafiya ce ta kawo maganar. An gayyace ni wani taron marubuta a Legas, karo na farko da na wuce Abuja. Aka haɗa ni ɗaki da wata marubuciya 'yar kudu, mai surutu, wadda kafin mu kwance kaya ta nuna mini hoton ɗanta na fari, ta faɗi sunansa ya fi a ƙirga, har da sumbatar wayar. Na ji kunya ta kama ni a madadinta. Da za mu rabu ta ba ni littafin da ta rubuta a kansa, da Turanci. Na karɓa don kara, na cusa a jaka.

A babbar motar dawowa na buɗe shi, don hanyar ta yi tsawo kuma cajin wayata ya ƙare. Yaronta ba ya kallon ido. Yana jera motocin wasa bisa launi. Kofi ɗaya yake shan shayi da shi, ranar da ya fashe gidan bai zauna lafiya ba. Yana toshe kunne in an tayar da janareta. Kafin mu kai Lokoja na rufe littafin na ɗora a cinya, na daɗe ina kallon daji ta taga. Abin da na ji ba baƙin ciki ba ne tukuna. Haushi ne, wai sai wata daga Legas ce za ta siffanta mini yaron da ke bayan Ɗambatta.

Na gaya wa maigidana. Ya saurara, ya ce to, amma wa zai tunkari Inna da wannan? Na ce shi, tunda uwarsa ce. Ya ce ai ni na karanta littafin. Shi ma yaron ɗan farinsa ne, kunyar ba ta bar shi ba. Muka yi ta tura wa juna har damina ta wuce. A tsakanin nan na yi abin da na iya. Na nemo wata likita a wani asibiti a Kano da ke duba irin waɗannan yara, na gano wata makaranta da ke karɓarsu, na share ƙaramin ɗakin da nake rubutu a ciki na sa katifa, na jera masa littattafai masu hotuna. Niyyata ya dawo wurina ya zauna.

Ranar da na je, Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi gero, na tambayi awaki. Daga ƙarshe na ce, "Inna, dama yaron nan ne nake so a kai shi Kano likita ya gan shi. In da hali kuma ya zauna can ya yi karatu."

Ta ajiye rariyar ta dube ni. "Wane yaron?"

Ta san wanda nake nufi. Na nuna ɗakinta da haɓa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yau ke ce da zancen ɗan fari a bakinki? Boko bai bar komai ba. Me ya same shi? Zazzaɓi yake yi?"

Na ce lafiyarsa ƙalau, dubawa ce kawai.

"Mai lafiya ake kai wa likita?" Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Ɗauki, ai naku ne, riƙo aka ba ni. Amma ki tafi da kwanonsa."

Washegari ta yi masa wanka da kanta, ta sa masa kayan Sallah, ta ce, "Maigida, za ka raka Anti birni." Bai yi gardama ba. A motar Ɗambatta ya zauna jikin taga, ya manna goshi da gilashi har Kano. Na lura ko gwiwarsa ta taɓa tawa sai ya janye.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi ƙanwata ba, tana magana tana haɗawa da Turanci. Ya durƙusa ya jero mata gaisuwa, ta yi murmushi ta ba shi wasu 'yan katakai masu launi. Nan take ya hau ware su. Sai ta juyo gare ni.

"Hajiya, yana da wata nawa ya fara magana?"

Na ce ban riƙe ba, yana wurin kakarsa.

"Da yana jariri, in kin yi masa wasa yana yi miki dariya?"

Na ce ba na yi masa wasa.

Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. "To, in kin kira sunansa yana waiwayowa?"

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Likita, ban taɓa kira ba. Ɗan fari ne."

Bahaushiya ce, ta gane. Ta ce nan gaba in zo da kakar, don ita ce ke da amsoshin. Ta daɗe tana wasa da shi tana lura, sannan ta ce abin da take gani shi ne otizim, wanda a rediyo ake ce wa galahanga. Ban so kalmar ba, har yau ba na son ta. Ta ce ba ciwo ba ne da ake sha wa magani, haka ƙwaƙwalwarsa take aiki, kuma irinsu suna son abin da suka saba, sauyi yana yi musu wuya. Na tambaye ta makarantar da na samo. Ta ce tana da kyau, amma a bi a hankali. Na ji rabin farko na maganar da kyau.

Muka fito bakin asibitin da azahar. A nan ne 'yan adaidaita sahu ke cincirindo, kowa na danna oda, ga mai gyaran taya ya tayar da injinsa, ga mai tallan maganin gargajiya da lasifika. Yaron ya tsaya cak. Ya toshe kunnuwa, ya fara wani irin kuka da ban taɓa ji ba, sannan ya zube a ƙasa yana buga ƙeya da katangar asibitin. Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce aljanu ne, a yi masa tofi. Wani ya ce farfaɗiya ce, a kawo ruwa. Na ce "kai, kai, tashi", bai san ina yi ba. Na ciro kwanon daga jaka na miƙa masa, ya ture. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga ban san komai da zan yi masa ba.

Na kira wayar ƙanin mijina da ke ƙauye, na ce ya ruga ya kai wa Inna. Ta ji kukan ta cikin waya, ba ta tambaye ni abin da ya faru ba.

"Kina da zani a jaka?"

Na ce sai mayafi.

"Lulluɓe masa kai gaba ɗaya, kada haske ya shiga. Ki zauna a bayansa ki rungume shi, ki matse sosai, kada ki ji tausayi. Kada ki yi masa magana."

Na cire mayafina a bainar jama'a, daga ni sai ɗankwali, na lulluɓe shi. Na zauna a ƙasa cikin shaddata, na zagaye shi da hannuwa na matse. Rabona da riƙe shi haka tun yana shan nono. Ashe ƙashin bayansa duk a waje yake, kuma kansa yana warin man da Inna ke shafawa. Ya yi ta fizga, sannan fizgar ta ragu, kukan ya koma ajiyar zuciya. Mutane suka fara watsewa, tunda babu sauran abin kallo.

Wata dattijuwa mai sayar da ayaba a gefen ƙofa ta miƙo mini ruwan leda. Ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ɗanki ne?"

Na ce, "Nawa ne. Shi ne na fari."

Ta ce Allah ya ba shi lafiya, na ce amin, ban tsaya yi mata bayani ba.

Can ya ɗaga gefen mayafin ya leƙo. Ya zare hannuwana daga jikinsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga riga. Ya ɗauki kwanonsa daga ƙasa ya kakkaɓe. Yana kallon takalmina ya ce, "Anti, an gama rakiyar? Inna ba ta da mai tsince mata wake."

Gidana bai da nisa daga wurin, ga ɗaki a share, ga katifa sabuwa ko ledarta ba a cire ba. Na tsayar da mai adaidaita, na ce ya rufe labulen gefen da yaron zai zauna. Ya ce, "Hajiya, ina muka nufa?"

Na ce tashar Ɗambatta.