Goro a Cikin Ambulan

Ranar wata Laraba ce cikin daminar 1998, gero ya kai ƙugun babban mutum, hanyoyin garinmu duk sun zama caɓi. Na taso daga makaranta da takalmana a hannu, na biya ta shagon Baba Bitrus kamar yadda na saba, in tambaya ko an samu wasiƙarmu. Sai na tarar da baƙo zaune kan bencin ƙofar shagon, laka ta ɓata masa wando har gwiwa. Ma'aikacin gidan waya ne daga Gusau. Ina tsaye ina jira su gama magana na ji yana cewa bayan kaka za a zo a karɓi hatimi da sikeli da jakar wasiƙu, a rufe wakilcin gidan waya na garinmu. Ya ce ba mugunta ba ce. Babu kuɗin mai, motar wasiƙu ta tsufa, kuma kan sarkin da ake saye a garin bai isa ko facin taya ba. Baba Bitrus ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga. Ni kuwa na kwasa da gudu sai gida, har na yar da takalmi ɗaya a hanya ban sani ba.

Garinmu ƙaramin gari ne gaba da 'Yankuzo, a ƙasar Tsafe, kuma gidan wayarmu kaf ɗinsa tebur ɗaya ne a kusurwar shagon Baba Bitrus, tsakanin sabulu da maganin ciwon kai. Shi Kirista ne daga kudancin Kaduna, aikin asibiti ya kawo shi tun ba a haife mu ba, da ya yi ritaya ya ƙi komawa. Motar wasiƙu ta daɗe da daina shigowa wajenmu, don haka duk ranar kasuwar Tsafe sai ya rungumi jakar ya hau a-kori-kura tare da awaki da buhunan masara, ya kai na kaiwa, ya karɓo na karɓowa. Sau da yawa jakar a lanƙwashe take tafiya, a lanƙwashe take dawowa. Mutanenmu sun saba da sallahu. In kana da saƙo sai ka ba direba ko ɗan kasuwa, ya kai maka kyauta har ya dawo maka da gaisuwa.

Mu kam ba mu da direban da za mu aika. Babanmu ya tafi fatauci Kwango, yaƙi ya rutsa da shi a can. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta ce sun bar garin da suke, bai san inda za su yada zango ba, mu jira sai ya sake rubutowa. Daga nan shiru. Ba mu da adireshinsa, shi kuwa adireshi ɗaya ya sani a duniya, wato teburin Baba Bitrus. In an ɗauke teburin nan, ko yana raye ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A lokacin har an fara kallonmu da idon tausayi, abin da na tsana ke nan. Wata 'yar ajinmu ta kira ni marainiya muna tsakiyar wasan carafke, na cika mata baki da ƙasa, hedimasta ya zane ni, ban zubar da hawaye ko ɗigo ba.

Na tarar da Inna tana surfe. Ta saurare ni har na gama ba ta ajiye taɓarya ba. Inna mace ce marar yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, dattawan gidanmu ma kewaye ta suke yi. Ta bakace dawar, ta karkaɗe zane, sannan ta ce, "Kan sarki na sunka ce ba a saye? To, za su ga saye." Sai kuma ta tambaye ni ina takalmina.

Washegari mata suka taru a gidan Gwaggo Hassu, yayar babanmu, ana matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Surukarta ta haihu, ana shirin suna. A al'adarmu, in za a yi suna ko biki yara ake rabawa goro su bi gida-gida, na nesa kuma a ba direbobi su kai. Inna ta ce wannan karon ba direban da za a ba, duk 'yan uwan da ke Bungudu da Rawayya da Gusau ta gidan waya za a gayyace su. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce almubazzaranci ne. Gwaggo Hassu ta tsame ƙuli daga mai ta ce, "Ɗan'uwana na ab bisa hanya. Wadda ba ta yi ta tashi ta ba mu wuri." Ba wadda ta tashi.

Ni ce marubuciyarsu, don ina aji biyar kuma rubutuna yana karantuwa. Na zauna kan tabarma a gindin ɗurumi, na ɗora takarda kan bayan faifai, mata suka zagaye ni kowace na faɗin nata. Ba gayyata kaɗai suka tsaya ba. Wata ta sa na rubuta wa ƙanwarta cewa tunkiyar nan ta haifi tagwaye. Wata ta yi wa ɗanta da ke koyon kanikanci a Gusau faɗa shafi guda kan rashin zumunci. In na rubuta gaisuwa a taƙaice sai a ce ban iya ba, sai na gai da kowa da sunansa, har jariran goye. Hannuna ya yi tsami, awakinmu suka wuni ba ciyawa, amma ban taɓa jin ni wata ce a garin nan ba irin ranar.

Matsalar ta taso ne wajen liƙe ambulan. A wurin matan nan gayyata ba goro raini ce, don haka kowace ta cusa goro guda a cikin nata. Na kai wa Baba Bitrus su a cikin kwando, kowane ambulan da ƙululunsa kamar mai ƙurji. Ya ɗaga ɗaya, ya latsa, ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau. "Luba, wannan wasiƙa ce ko kayan kasuwa?" Ya ce nauyin ya wuce ƙa'ida, kuma hatimi ba zai hau kan tudu ba. Na koma na faɗa, aka ce in gaya masa ba a cire goro. Na yi ta safa da marwa tsakanin shago da gidan Gwaggo har aka daidaita a kan ɓari ɗaya, a naɗe shi a ganye, a tura shi can ƙasan ambulan. A ranar kasuwar da ta biyo, jakar ta tafi Tsafe a tsaye.

Wasiƙun ba su yi sauri ba, gaskiya ɗaya ce. Wata innarmu ta Rawayya a bakin direbobi ta ji labarin sunan, ta zo ta ci tuwo ta koma, sai bayan kwanaki gayyatar ta same ta da ɓarin goro ya bushe ya zama tsakuwa. Haushi ya sa ta nemi ɗan makaranta ya rubuto mana amsa, tana tambaya ko haƙoranta muke son gani a ƙasa. Aka karanta a tsakar gida ana ta dariya, aka mayar mata da martani. Haka abin ya kama. Waɗanda aka yi wa faɗa suka rubuto ban haƙuri, waɗanda aka gayyata suka rubuto tsiya, jaka ta fara dawowa da nauyi. Kuɗin ƙuli da na daddawa da ya kamata su shiga miya suka tafi kan sarki. Mun sha miyar kuka lami a watannin nan, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi a gidanmu ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, ma'aikacin nan ya dawo karɓar kayansa. Inna ta yafa mayafi ta fita da kanta, abin da ba ta saba ba, ni da Gwaggo muna biye da ita. Muka same shi ya buɗe jakar yana kallo, warin daddawa da goro na tashi daga ciki. Inna ta tsaya daga gefe ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Malam, kun ce ba riba. Mu ba riba munka nema ba. Mijina bai san wata ƙohwa ba sai wagga. In kun ruhe ta, ku hwaɗa min inda za shi buga." Mutumin ya daɗe yana jujjuya hatimin a hannunsa. Ya ce shi ɗan aike ne, ba shi ke yanke hukunci ba, amma zai je ya faɗi abin da ya gani. Ya ajiye hatimin kan tebur ya ce a bar shi nan tukuna zuwa wata daminar.

Wasiƙar babanmu ta zo ana gab da shuka. Daga wani gari na bakin iyakar Kamaru aka aiko ta, ta sha hannu har ta yi laushi, kuma ba rubutunsa ba ne, wani ya rubuta masa. Yana raye, yana kwance ba lafiya a zauren wani bawan Allah, ba shi da ƙarfin tafiya, a zo a ɗauke shi. Baba Bitrus bai jira na biya ba, da ƙafarsa ya kawo ta har ƙofar gidanmu yana haki. Kawunmu ya kama hanya, suka dawo tare. Babanmu ya rame har sai da na ji muryarsa na gane shi. Ya rayu ya aurar da ni, ya ga 'ya'yana.

An rufe wakilcin daga baya, ba mu iya tare shi har abada ba. Yau shagon katin waya ake sayarwa a cikinsa, saƙo kuma yana isa Kwango kafin ka ajiye wayar. Ina amfani da ita kamar kowa, amma ina kewar lokacin da gari guda ke jiran jaka ɗaya. Har yanzu in na ji masu lissafi na cewa gidan waya asara ce ga gwamnati, ba na yi musu gardamar alƙaluma, don ban san su ba. Abin da na sani shi ne ta wannan asarar aka dawo mini da ubana.