Insha'in da Malam Ndatsu Ya Gyara

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a makarantar nan ta Tudun Fulani, a Minna, cikin shekara ashirin da suka wuce ya san Malam Ndatsu, malamin Turanci na aji biyu. Banufe ne, ɗan gidan maƙeran tagulla a Bida, gajere, mai sauri kamar wanda aka aika. Shi kaɗai a gidansu ya bar zugazugi ya bi takarda, kuma har yau idan ya je gida yayyensa sai sun tsokane shi da cewa hannunsa ya yi laushi.

Dokokin ajinsa ba su da yawa, amma ba a taka su. Kwanan wata a sama, layi a gefen hagu da rula. Litinin kowa ya karanta shafi guda da ƙarfi, Juma'a a rubuta insha'i. In ka tsaya gunguni sai ya kama kunnensa ya ce, “Da wa kake raɗa?” Yakan yafe harafin da ya ɓace, yakan yafe rubutu mai kama da tafiyar kaza. Amma ka kira mace da “he”, to ka taɓo shi.

Ba laifin yaran ba ne, in za a faɗi gaskiya. Nufanci kalma ɗaya gare shi ga mace da namiji, Hausar cikin Minna kuma ta saba da “Aishat ya zo”. Ga kuma Bature ya ɗauki “she”, mai fita a baki daidai da “shi” ɗinmu, ya ba mace. Wanda ya shirya wannan dai bai ji tausayin kowa ba. Shi kansa Malam, da ya saki Turanci ya kama Hausa sai ka ji ya ce matarsa “ya tafi” Kasuwar Kure. Yana da shekara goma sha uku wani malami ya tsayar da shi a kan tebur saboda ya kira uwarsa da “he”, aji ya yi ta dariya, abin ya bi shi har ya gama makarantar. Ya ɗauki alkawarin ɗalibinsa ba zai sha wannan kunya a waje ba. Sai ya kafa doka: kuskuren nan in ya kai biyar, sifiri ne, kuma a karanta a gaban aji. Bai taɓa lura cewa maganin nasa ya yi kama da cutar ba.

Bana, saura kwana goma jarrabawar shiga aji uku, ya ba su take: Mahaifiyata. Akwai wata yarinya, Safiyatu Kudu, da aka kawo daga Kuta a farkon shekara. Ba ta da surutu, amma ta fi kowa karatu, Malam kuma yana ji da ita. Ya buɗe littafinta ya ga shafi ɗaya da rabi, rubutu tsaf, amma “he” sau goma sha tara. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ya zuba sifiri, washegari kuma ya karanta wa aji: wai mahaifiyarta yana tashi da asuba ya dama koko, yana wanki, yana yi wa ƙanwarta kitso. Aji ya kece da dariya. Safiyatu ba ta yi kuka ba, ta dai zuba wa allo ido har aka tashi.

Daga ranar ba ta sake zuwa ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, jarrabawa na matsowa, wanda bai zauna ba kuwa sai ya maimaita aji. Ranar Alhamis bayan la'asar Malam ya sa littafin a jaka, ya hau tsohon mashin ɗinsa, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan.

Ya yi sallama aka ce ya shigo. A tsakar gida ya tarar da wani dattijo a kan kujera 'yar tsugunno, kan wata ƙaramar yarinya tsakanin gwiwoyinsa, matsefi a bakinsa. Kitson duk ya karkace. Tukunya na tafasa a murhu. Malam ya tsaya da jaka a hannu.

Dattijon, Malam Kudu, mahaifin Safiyatu, ya cire matsefin suka gaisa. Ya ce, “A yi haƙuri, Malam, haka ka same mu. Uwarsu bara ya rasu a Kuta. Tun nan ni ne komai.”

“Ya rasu” ya ce, yadda Banufe kan faɗa, kuma karo na farko a rayuwar Malam Ndatsu kunnensa bai nemi gyara ba. Ya yi ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana kan teburin nan.

Safiyatu ta fito daga ɗaki ta durƙusa ta gaishe shi. Ya miƙa mata littafin, ya rasa ta inda zai fara.

Ita ta fara. Ta ce, “Malam, na san bambancin ‘he’ da ‘she’. Taken ne ban san yadda zan yi da shi ba. Na ga ba a canza taken da malami ya bayar, kuma ban so in miƙa takarda ba komai, sai na rubuta a kan Baba.”

Ya dubi jan da ya zuba a shafin. Sannan ya ce, “Babu kuskure ko ɗaya a nan sai nawa. Ki dawo gobe, Safiyatu.”

Ta ce, “Za ku sake karantawa a aji?”

“A'a. Ni zan tsaya in gaya musu na yi kuskure. Karatun naki ne, in kin so ki yi, in ba ki so ba shi ke nan.”

Ta dubi babanta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kitso. Ta tashi ta shiga ɗaki. Malam har ya fara neman takalmansa sai ga ta ta fito da kayan makarantarta, ta ja bokiti ta jiƙa su.