Yayen Bahago

Tartsatsi ake ce masa, ba don walda kaɗai ba, har da bakinsa. Shi ne malamin walda a kwalejin unguwa, irin makarantar nan da magidanta da matan aure da waɗanda boko ya kuɓuce wa suke zuwa koyon sana'a. A bakin titi ya fara, tsugune gaban ƙofofin mutane, ya haɗa da karatun yamma har ya sami takarda aka ɗauke shi aiki. Babu rigarsa da ba ta da ƙananan huji a gaba. Matarsa ta yi faci har ta gaji ta zuba masa ido.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki da malamin kwamfuta, a benci ɗaya suka zauna jiran kira, aka kuma ba su ɗakuna masu bango ɗaya. Suna gaisawa, suna aron kujera, har shekarar da hukumar gudanarwa ta saya wa ɗakin kwamfuta esi, na'urar sanyaya ɗaki. Masu sakawa suka fasa bangon tsakiya. Fuskar na'urar ta kalli kwamfutoci, bayanta ya faɗo cikin shagon walda. Sanyi can, huci nan, ga ruwa yana ɗiga a kan teburin ƙarfe. Tartsatsi ya tara gwangwani, ya raɗa wa maƙwabcinsa suna Mai Sanyi, ya kuma daina aron kujera.

Ƙyashi ne, ba sai an sakaya ba. Duk abin da ya shiga ɗakin can sai ya sani. Labule, kujeru masu juyawa, har kwandon shara mai murfi. In ya ga Mai Sanyi ya fito da farar riga babu ko ɗigon gumi, sai ya huce a kan ƙarfen da bai yi masa laifin komai ba.

Dalilin kuwa a fili yake. Duk shekara hukuma kan zauna kasafin kuɗi, ta duba sashen da ya fi yaye ɗalibai, ta fi ba shi. Ɗaliban Mai Sanyi sukan zauna daram har ranar sa doguwar riga da hula mai tuntu. Na Tartsatsi kuwa, da zarar hannunsu ya faɗa, sai 'yan kwangila su fara zarya a bakin shago. Kafin jarrabawar ƙarshe rabin aji ya watse wajen aiki. Ranar yaye, layin kwamfuta har ya lanƙwasa, na walda ko inuwar bishiya ɗaya ba ya cikawa.

"Naka ai su ke yaye kansu," in ji matarsa. "Uwar da ɗanta ya saki mama ya kama abinci, godiya take yi, ba kuka ba."

"Je ki faɗa wa hukuma," in ji shi. "Su wanda suka ɗauka hoto da hula kawai suka sani."

Bana sai Shugabar kwaleji ta tara malamai, ta ce aljihu ya tsuke. Hukuma ta yanke cewa sashen da ya zo na ƙarshe a yaye, rufe shi za a yi. Wani kuma ya ƙara da cewa ɗakin kwamfuta ya yi kaɗan, in an rushe bangon nan zai faɗaɗa. Mai Sanyi bai ce uffan ba, ƙasa ma yake kallo. Shirun ya fi ba Tartsatsi haushi. Ya ce a ransa, wato har ya fara auna inda zai jera sababbin kujeru.

A ajin bana akwai wani magidanci da ake kira Bahago, mai mata da yara, ɗan dako ne a kasuwa kafin ya shigo. Tartsatsi bai taɓa ganin hannu irin nasa ba. In ya haɗa ƙarfe biyu, sai ka shafa da yatsa kana neman mahaɗar. Sauran ɗalibai shi suke kallo. In ya tafi, za su bi shi ɗaya bayan ɗaya, malaminsu ya san da haka.

Wata rana da hantsi wani ɗan kwangila da ya saba zuwa ya tsayar da motarsa a ƙofar shago. Ya sami aikin rufin wata babbar ma'ajiya, aiki mai tsawo, yana neman hannu mai kyau da zai fara nan take, in ya yi kuma ya riƙe shi dindindin. Bahago yana can ciki, fuska rufe da garkuwar walda, bai san ana yi ba.

Tartsatsi ya buɗe baki zai kira shi. Daidai nan esi ya yi gurnani ya feso masa huci a ƙeya, ya kuma jiyo dariyar Mai Sanyi ta cikin bango.

"Bana sai haƙuri, Yallaɓai," in ji shi. "Duk ɗanyu ne. Ba wanda ya nuna."

"Wancan fa mai aiki da hagu?"

"Da saura. Zai ba ka kunya."

Mutumin ya yi godiya ya ja mota. Tartsatsi ya rarrashi zuciyarsa da cewa 'yan watanni ne, aiki kuma ba ya ƙarewa a duniya, takarda ma ai gata ce. A gida bai faɗa ba. Sauran 'yan kwangilar da suka biyo baya, amsar nan ya ba su, har suka daina tsayawa.

Ranar yaye layin walda ya cika, har ya ɗara na wasu sassan. Shugaba ta ambaci sunan sashen a lasifika, 'yan hukuma suka yi tafi. Tartsatsi ya sa sabuwar riga marar huji, ya je takanas ya tsaya kusa da Mai Sanyi don ya ga yadda fuskarsa za ta yi. Ya jima yana jiran wannan rana.

Mai Sanyi ya kama hannunsa ya riƙe. "Na taya ka murna, abokina, shago ya tsira. Amma bana me ya faru ne? Na daina ganin motoci a ƙofarka."

"Wane motoci?"

"Na masu zuwa ɗaukar yaranka. Ka san labulen nan don me na sa? Don kar nawa su riƙa gani." Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Nawa suna zama ne don ba mai nemansu. In ba su takarda, in dawo in tarar da su a bakin titi suna tambayata ko na ji wani abu. Wallahi na daɗe ina ƙyashinka."

Tartsatsi ya zare hannunsa a hankali. Kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa.

Washegari ya nemi ɗan kwangilar nan a waya. Mutumin ya ce ai tuni ya ɗauko wani daga nesa, sun ma saba, sai dai ko gaba.

A sabon kasafi hukuma ta ba shagon walda fanka, babba, mai tsayuwa. Ranar da aka kawo ta Bahago ya leƙo, da gammo a hannu da ƙurar buhu a kafaɗa, don ya koma dako kafin Allah ya kawo wani abu. Ya nuna wa malaminsa takardarsa a cikin firam ɗin ƙarfe da ya haɗa da kansa. Tartsatsi ya shafa kusurwa da yatsa, bai sami mahaɗar ba.

"Na gode, Malam, da ka riƙe mu har ƙarshe," in ji Bahago. "In wani ya zo neman hannu, don Allah ka tuna da ni."

"In sha Allahu," in ji Tartsatsi, idonsa a kan firam.

Da Bahago ya fita, ya kunna sabuwar fankar. Ta ɗebo hucin bayan esi ta watsa masa a fuska.