Tafin Ƙafar Usta Bayyumi

Shekara arba'in da ɗaya Usta Bayyumi, wato gwani Bayyumi, ya yi yana guga da ƙafa a wani lungu na garin Damanhur, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a sami wanda ya ce mutumin yana da daɗin zama ba. Gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa. Amma in ya jawo dutsen gugarsa daga kan wuta, ƙarfen da ƙato ba ya ɗagawa da hannu ɗaya, ya ɗora ɗan katako a kai, ya taka da ƙafar hagu, ya guntsi ruwa ya fesa wa jallabiya, to karin da zai fitar sai an wanke rigar sau biyu kafin ya ɓace. Don karin nan unguwa take haƙuri da bakinsa.

Sana'ar ce ta cinye masa baya. Mutum ya wuni a sunkuye kan ƙafa ɗaya tun yana saurayi, me ake jira? Da ya kai hamsin da tara ba ya miƙewa sai ya dafa bango, salla ma a kan kujera yake yi. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansa ɗaya, Ragab, yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya, ya kuma gyara wa uban ɗaki a hawa na tara, da gado da talabijin. Bayyumi ya je ya gani sau ɗaya, ya dawo ya ce kabari ne mai taga.

Ragab ne ya ja shi wurin likita. Likitan ya ce a gwada wani gadon ƙarfe mai lilo: a maƙale idon sawu a ƙasansa, mutum ya ɗaga hannuwa, gadon ya juya da shi kai ƙasa ƙafa sama, nauyin jiki ya buɗe ƙashin baya. Ya ce minti uku, kada a ƙara ko ɗaya, don mutumin yana da hawan jini, idanunsa kuma ba lafiyayyu ba ne. Ragab ya sayi gadon, ya kawo shi a motar haya, ya kafa sharaɗi a bakin shago. In Babbar Salla ta zo uban bai iya tsayawa a miƙe kan aikinsa ba, za a rufe shagon, su tafi tare. Bayyumi ya yarda, don ya san in bai yarda ba ranar ma za a ɗauke shi.

Shagon bai da wurin ajiye ko kujera ta biyu, sai aka kafa gadon a manwar, ɗan tsukakken filin nan na bayan shago da tagogin kicin na benen duka suke leƙawa. Taga ta farko a sama kuwa ta Ustaz Mahrus ce.

Ustaz Mahrus tsohon akawu ne, ya yi ritaya da kwat uku da alƙalami mai kyau, ba shi da abin yi sai rubuta takardar ƙara. Goma sha ɗaya ya rubuta a kan hayaƙin murhun Bayyumi cikin shekara ashirin da shida, ba wadda ta ci. Shi yana kiran Bayyumi "mai wanki", ko da yake ya san sarai mutumin bai taɓa wanke ko hankici ba. Bayyumi kuma yana kiransa "Alƙalami". Ba sa ga maciji, kuma ni dai ban taɓa iya zaɓar wanda ya fi wani baƙin hali ba.

Ranar farko Mahrus ya buɗe taga zai zubar da guntun shayi, sai ya ci karo da tafin ƙafa biyu, baƙaƙe, duk kaushi, sun miƙe suna kallon hancinsa. A garin da ko silifa aka gani a kife sai an tsaya an juya shi, a kuma garin da yaro ke shan mari in ya zauna tafin ƙafarsa na fuskantar babba.

"Mai wanki," in ji shi, "ni kake nuna wa wannan ƙazantar, ko Ubangijin da ke sama da ni?"

"Magani nake sha, Alƙalami," in ji Bayyumi daga ƙasa, muryar a shaƙe. "In bai maka ba, rubuta ta goma sha biyu."

Ya rubuta kuwa. Da ba ta ci ba sai ya kai maganar shagon gahawa, inda ya ce an wulaƙanta shi a cikin gidansa, kuma albarka ta bar benen tunda aka fara kifa ɗan Adam kamar takalmi. Hajji Sobhi mai gahawa ya zaunar da su, ya ba kowa shayi, aka yanke hukunci. Bayyumi zai hau gadon bayan la'asar kawai, da safa a ƙafa. Mahrus zai rufe tagarsa na minti biyar. Aka karanta Fatiha, suka taɓa hannu kamar masu taɓa garwashi.

Abin haushin shi ne gadon yana aiki. Cikin sati uku Bayyumi ya yi ruku'u a tsaye a sahun farko, har liman ya waigo bayan sallama. Ya koma goge jallabiya talatin a wuni. Ya buga wa Ragab waya ya ce ya ba wa wani ɗakin haya. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin da zan bayar, kuma da na fi son haka.

Mahrus bai rufe taga ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya jingina da ita da agogo a hannu, wai yana tabbatar da ba a wuce ƙa'ida ba. In Bayyumi ya juyo da gadon a minti na uku, sai ya ji daga sama: "Har ka gaji, Usta? Jemagen bishiyar tasha ya fi ka juriya." Rana ta huɗu Bayyumi ya cire safa. Rana ta biyar ya shiga shagon gahawa, ya kama gashin bakinsa a gaban mutum goma sha, ya rantse zai aske shi ya ɗaura gyale in ya ƙara saukowa daga gadon nan alhali kan Alƙalami yana taga. Hajji Sobhi ya ce ya janye. Bayyumi ya yi kunnen uwar shegu. Namiji in ya rantse da gashin baki a bainar jama'a, ai magana ta ƙare.

Minti uku ya zama shida, shida ya zama goma. Mahrus yana da ciwon gwiwa, ba ya iya wuce goma a tsaye, don haka kullum shi ke fara janyewa, Bayyumi kuma ya sauko da fuska kamar gauta ja, yana haki yana dariya. Kai ya fara sara masa. Da safe yana ganin wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a kan farar riga. Ragab ya tambaye shi a waya ko minti ukun yake yi, ya ce ko daƙiƙa ba ya ƙarawa.

Ranar wata Alhamis, saura kwana tara Salla, ya cire tabarau ya ajiye a kan bokiti kamar kullum, don in ya juya faɗuwa suke yi. Ya maƙale ƙafafu, ya ɗaga hannuwa. Ga Alƙalami nan a taga, baƙar kwat da hula, ko motsi ba ya yi. Minti goma ya wuce. Sha biyar. Bayyumi ya ji jini na bugawa a bayan idanunsa, ya ce a ransa yau tsohon banzan nan ya sha magani ne ya zo. Ya zage shi, ya zagi kakansa, ba a tanka ba. Shirun ya fi zagi ƙona masa rai, ya ƙara riƙe ƙarfen gadon.

Mahrus kuwa yana shagon gahawa yana buga tawla, wani wasa irin na dara. Kwat ɗinsa ya rataye a jikin taga, ya ɗora hula a kai, ya sauko ta ƙofar gaba yana ba mutane labari, ana ta ƙyaƙyata dariya. Sai da aka gama wasa na uku Hajji Sobhi ya tambaya tun yaushe. Mahrus ya duba agogo, ya ce minti arba'in. Dariyar ta tsaya.

Sun sami Bayyumi bai suma ba. Yana nan a rataye, fuskar ta kumbura ta yi baƙi, yana ta zagin kwat a hankali. Mutum uku suka juyo da gadon, suka kwance masa ƙafafu, suka zaunar da shi. Ya juya kai hagu da dama, ya ce, "Har magariba ta yi?" Rana kuwa tana nan tangararan a kan bango.

A asibitin ido aka ce na hagu ya tafi, na dama zai riƙa ganin inuwa. Ragab ya zo a daren, da safe sai da mutum huɗu suka riƙe shi a kan matakala don kada ya kai ga Mahrus. Mahrus daga bayan ƙofarsa yake cewa shi iska ya shanya kwat ɗinsa ta sha, tagarsa ce, kuma ba shi ya ɗaure kowa ba. Gaskiya ce irin wadda ba ta da amfani. Unguwa ta daina amsa gaisuwarsa, ba mai buga tawla da shi har yau, kuma bai isa ya ce an zalunce shi ba. Amma hakan bai dawo wa kowa da ido ba.

Jajiberin Salla Bayyumi ya ce a kai shi shago. Ya ce sharaɗin tsayuwa ne, ga shi kuwa a tsaye, ba a yi maganar ido ba. Gaskiyarsa, a miƙe yake kamar sandar tuta, bayan ko ɗigon ciwo babu. Ragab bai yi musu ba. Ya kunna masa murhu, ya ciro farar rigar da shi kansa zai sa ranar Idi daga jaka ya shimfiɗa a kan teburin.

Hannuwan sun san hanya. Bayyumi ya jawo ƙarfen, ya ɗora katako, ya guntsi ruwa ya fesa, ya taka. Ya goge baya, ya goge hannun dama, mutane sun taru a bakin ƙofa. A hannun hagu ya laluba wuyan rigar da yatsu, ƙarfen yana zaune inda ya bar shi. Ya daɗe yana lalube. Sai ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ja ƙarfen gefe.

"Ta ƙone da yawa?"

"A'a, Baba. Ba ta ƙone ba."

"Ido na rasa, Ragab, ba hanci ba."

Ya sunkuya, ba tare da ya dafa komai ba, ya laluba ya kashe murhun da kansa. Sannan ya ciro mukullin shagon daga aljihun jallabiya, ya miƙa shi wajen da yake zaton ɗansa yake tsaye.