Hoto ɗaya tak na Baba Isuhu, shi ma bai fito ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina haɗa wa yara shayi wayata ta yi ƙara. Yayana Sani ne. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Baba Isuhu mai hoto ya rasu." Na ce wane Baba Isuhun? Sai ka ce akwai wani. Wai ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a ƙofar gida, ya ce kansa na juyawa. Shi ke nan fa.

Wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai rumfar hoto a Magama, gab da shingen boda. Mutumin Maraɗi ne, amma ya tsufa a cikinmu. Direbobin tirela, 'yan dako, 'yan kasuwa masu tsallakawa, duk wanda aka ce ya kawo hoton fasfo, a bencinsa ya zauna, farin ƙyallen nan a bayansa.

Ni kuma shi ya zaɓar mini kyamarata ta farko.

Lokacin da waya nake ɗaukar hoton biki da suna, a cikin gida inda maza ba sa shiga. Sai na ƙudurta sai na sayi irin kyamarar nan da ake cire mata lens, wato gilashin gabanta, a sa wani, wadda ake kira DSLR. Ban san komai a kanta ba. Gaskiya abin da nake so kawai, in na shiga gidan biki a ce, "Kai, ga mai hoto ta iso."

Yaya Sani ya kai ni wurinsa. Baba ya sa wani mai kawo kyamarori na hannu daga Kwatano ya kawo guda uku, aka jera a benci. Ni uwar son girma, na yi wuf na ɗauki babbar, mai dogon lens kamar taɓarya.

Ya dube ni ya yi dariya. "Ɗiyata, giwa za ki ɗauka a daji, ko amarya a ƙuryar ɗaki?"

Ya ce to in ɗaga ta a fuska in riƙe har ya shanye shayinsa. Bai kai rabin kofi ba hannuna ya fara rawa. Ya ce, "Wuni guda za ki yi da ita a gidan biki fa, ga hijabi, ga yara na bangaje ki."

Sai ya miƙo mini ƙaramar, mai ɗan guntun lens, wadda ko kallo ban yi mata ba. Ya ce ɗakin amarya ba shi da taga ta kirki, kuma wannan lens ɗin shi ke gani a inda haske ya yi ƙaranci. Ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa ko ya yi fumfuna. Ya duba sau nawa aka taɓa danna ta, ya ce ita ma tana tsufa da aiki kamar mota. Ya tambayi mai kayan ko ana samun batirinta a Katsina. Ni dai raina a ɓace, don na ga ba ta cika ido ba.

Sai gwaji. Baba yana da hanyarsa da ba ya canzawa. Ya fita tsakiyar rana ya tsaya, farar hula a kai, ya ce, "Ɗauke ni. In ta hiddo baƙar huskar nan da farar hular nan tare, ba ta cinye guda ba, ki saye."

Na danna. Hoton farko a rayuwata da kyamara ta gaske.

Muka duba. Wata tirelar albasa da ke bayansa ta fito tangaram, har lambarta ana karantawa. Shi kuwa Baba ya zama dishi-dishi. Yaya Sani har da riƙe ciki don dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Baba bai yi dariya ba. Ya nuna mini yadda ake danna maɓallin rabi, a jira fokas, wato saitin ganinta, ya kama fuska, sannan a ƙarasa. Na sake ɗauka wajen goma, suka fito tas, ga fuska ga hula. Ya karɓa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge. Haka yake yi wa kowa. Ya ce kyamara ake gwadawa, ba shi ba.

Na farkon ne kawai ya bari. "Wannan kar ki goge shi. Duk randa kanki ya fara kumbura, ki buɗe ki gani."

Da ƙaramar kyamarar nan na ci abinci shekara da shekaru. Akwai wani suna da na ɓata hotunan gaba ɗaya, suka yi duhu, na zo masa ina hawaye. Ya zauna a tsohuwar kwamfutarsa ya gyara abin da zai gyaru, kuma har ya koma ga Allah ban ji maganar a bakin kowa ba.

"Madam foto" yake ce mini in yana son tsokana.

Talatar da ta wuce na biya ta rumfarsa, ina sauri za ni wani suna a Farfaru. Kyamara na rataye a kafaɗata. Na ce, "Baba, tsaya in yi maka hoto na kirki yau." Ya shafa kansa ya ce, "Ban yi aski ba, ɗiyata. Bari sai Juma'a."

Na ce to.

To kawai na ce, jama'a. Mai mashin na jirana, na hau na tafi. Abin da ko minti ɗaya ba zai ci ba. Wannan "to" ɗin ita ke cin raina tun safe.

Ɗazu bayan an kai shi, 'yarsa Rakiya ta kira ni daga Agadas inda take aure. Ba ta samu ganin gawarsa ba, hanya ta yi nisa. Ta ce, "Anti, don Allah ki turo mini hoton Baba. Yarana biyu ƙanana ba su taɓa ganinsa ba."

Aka buɗe akwatinsa a gidan makoki. Cike yake da hotuna, fuskokin direbobi da 'yan kasuwa da ba su dawo sun karɓa ba. Nasa babu ko ɗaya. Sai na jikin tsohon katin shaidarsa, tun yana saurayi, shi ma hatimi ya rufe rabin fuskar.

Na dawo gida na zazzage durowa har na samo tsohon memorin kyamarar, wanda hotuna ke zama a ciki. Hoton yana nan. Tirelar albasa tas, Baba dishi-dishi.

Na daɗe riƙe da waya kafin na tura mata, ina ba ta haƙuri, ina jin kunya. Can sai ga saƙon murya, tana kuka.

"Shi ne, Anti. Ga hular a karkace, ga hannun a ƙugu. Haka yake tsayawa in yana jiran mutum."

Allah Ya jiƙan Baba Isuhu. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Rakiya da sauran iyalansa haƙurin wannan rashi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku. Kuma ku da ya taɓa zaɓar wa kyamara, da ku direbobin da kuka sha shayi a rumfarsa, ku duba tsofaffin memorinku da wayoyinku. Wataƙila akwai wani hotonsa da ba a goge ba. Rakiya na son yaranta su ga fuskar kakansu.